Binnen Jatau

A shekarar babban fari, abin da ya rage wa Jatau na Gidan Sori shi ne tukunya guda ta irin gero, da harawar da ya ɓoye wa tumakinsa. Yara sun kwana da yunwa, bai taɓa tukunyar ba. Wanda ya ci iri ya ci baɗi.

Yana da amini, Jaye, Bafillacen da shanunsa ke kwana a gonarsa kowane rani suna zuba taki. A karkarar nan ba wanda ya kai Jaye sanin sama. In ya shinshina iska ya ce ruwa, to a gyara indararo.

Ran nan Jaye ya zo, ya tsuguna a gindin gawo.

"Kaɗo, ba ka ga shamuwa ta sauka ba? Iska ta juyo daga yamma. Yi binne, ka riga kowa."

Binne kuwa shi ne a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa a jira sama. In ruwa ya yi yawa, ka ci riba. In yayyafi ne, iri ya tsiro ya ƙone.

"Kai Agwai, ka tabbata? Shi ke nan gare ni."

"Na taɓa yi ma ƙarya? Ciyawa na tafe, me za ka yi da harawa? Ba ni, shanuna sun faɗi."

Batulu matar Jatau ta ce, "Malam, ni dai zafin gabas nake ji a fuskata."

Ya ce mata da tsohuwar zuma ake magani. Ya ɗora wa Jaye harawar, ya ɗauki sungumi, Batulu na binsa tana zuba iri, har tukunya ta koma fayau.

Aka yi yayyafi, ko ƙura bai kwantar ba. Gero ya leƙo, rana ta toye shi.

Jatau ya nufi ruga ya ji ba'asi. Babu kowa, sai turaku da busasshen kashin shanu. Wata mai itace ta ce ai tun ranar da ya yi shuka su Jaye suka ɗaure harawa a kan jakai suka yi kudu.

Nan ya gane. Mai jiran ruwa ba ya yin guzurin ciyawa.

Ya koma gona, ya tona rami guda, ya fito da tsiron da ya ƙone. Batulu ta zo ta tsaya a kansa.

"Sama ba ta yi mini alkawari ba," in ji shi. "Mutum ne ya yi."