Tukunya Mai Jan Hatimi

Ranar da 'yata ta dawo da takardar gwaji a hannunta, ban iya cin abincin rana ba. Ita ce 'yar farinmu. Cokali muke kiranta, saboda tun tana rarrafe ba ta yarda ta yi barci sai da cokali a hannu. Bana ta gama sakandare, kuma babu abin da take so a duniya irin ta koyi girki a babban gidan abincin da ke kan titin asibiti. Mai gidan abincin, wadda ma'aikatanta ke kira Madam, mutum ɗaya take ɗauka a shekara. Takardar ta ce kowane mai nema ya dafa abu ɗaya a gida da kayan lambun da ke yayi, ya kawo ranar Asabar da ƙarfe goma na safe.

"Ku nawa ne?" na tambaye ta.

"Mu tara ne, Baba."

"Tara! Maman yara, kin ji? Su tara ne."

"Na ji," in ji matata, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. "Ci abincinka. Ba kai za a gwada ba."

Lokacin sanyi ya wuce, ruwan farko ya sauka, kasuwa ta cika da sabon ganye. Cokali ta ce romon kayan lambu za ta yi: koren wake, ƙananan karas, albasa mai lawashi, da sabon dankali irin wanda ɓawonsa ke fita da ɗan yatsa. Kwana huɗu a jere tana dafa shi muna ci. Ni dai kullum ina jin ya yi, amma da zarar na ce ya yi sai in tuna da sauran mutum takwas ɗin, in ture kwanon gefe.

Abin da ya fi damuna shi ne mazubi. Kular gidanmu ta tsufa, hannunta ɗaya ya karye na ɗaure da waya, murfinta kuma ya koɗe. Na hango Madam tana bin kuloli sababbi guda takwas da kallo, sannan ta iso kan tamu. Ranar Alhamis na rufe shagona da wuri, na nufi layin 'yan gwanjo.

Ni mai gyaran agogo ne. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ba a sayar mini da abu ban duba ba. Na bi rumfuna ina ɗaga kwanuka ina ajiyewa, har na iso wajen wani dattijo mai tsofaffin kayan gida. Can ƙasa, tsakanin dutsen guga na gawayi da wata rediyo marar murya, na hango ta. Tukunyar ƙasa ce ginin hannu, an shafe ta da fari mai sheƙi, an zana mata ganye shuɗi a kewaye. Bakinta faffaɗa, ƙasanta tsukakke. Har da murfinta, wani faifan faranti mai irin zanen.

"Malam, ka iya zaɓe," in ji mai gwanjon. "Wannan ta girme ni. Yanzu ba a irin wannan ginin."

Na ciro gilashin aikina na maƙala a ido. Na bi ta ciki da waje, babu tsaga. Na ƙwanƙwasa, ta yi ƙara mai kyau. Da na kifa ta sai na ga wani jan abu zagayayye a tsakiyar ƙasanta, girman kwabo, ya ɓullo har ta ciki.

"Wannan fa?"

Ya karɓa, ya juya ta. "Hatimi ne. Hatimin wanda ya gina ta. Duk wadda ka gani babu shi, jabu ce."

Na ji daɗi ƙwarai. Agogo ma na kirki yana da hatimi a bayansa.

A gida ba a tarbe ta yadda na zata ba. Matata ta ɗora murfin, ya zame. Ta sake ɗorawa, ya sake zamewa.

"Baban yara, murfin nan ba ya zama."

"Na da ne. Mutanen da ba sa gaggawa."

"To mutanen da a kwance suke cin abinci? Ina hannun da ake ɗaga shi?"

Cokali ta ce ita kularmu ta ishe ta. Na zaunar da ita na yi mata bayani na kusan rabin awa, kan yadda manyan mutane ke lura da ƙananan abubuwa. Ban sani ba ko bayanin ne ya shige ta ko gajiya ta yi, ta dai ce, "To, Baba, na ji."

Ban tsaya nan ba. Na wanke tukunyar sau uku da sabulu. Na cika ta da ruwan randa, na ja layi da fensir daidai inda ruwan ya tsaya, na shimfiɗa jarida a ƙasa na ɗora ta. Da gari ya waye ruwa yana kan layi, jarida a bushe ƙarau. Na kira kowa ya zo ya gani da idonsa.

Ranar Asabar Cokali ta gama girki ƙarfe tara saura kwata. Ƙamshi ya cika gida har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Na ce a juye romon yana tafasa, don kada ya huce a hanya. Aka juye. Na ɗaure murfin da tsumma, na naɗe tukunyar da tawul, na ce ni zan ɗauka, domin hannun yaran yanzu ba shi da riƙo.

A motar haya ba mu sami wuri ɗaya ba. Cokali ta zauna gaba, ni kuma can baya kusa da wata tsohuwa mai kwandon alayyafo. Na ɗora tukunyar a cinyata na rungume.

Mun wuce gidan mai na fara jin ɗumi. Na ce ai dole, abu mai zafi na riƙe. Mun wuce makarantar firamare ɗumin ya fara tafiya. Ya gangara ta cinyar hagu, a hankali, da danshi.

Shekarata hamsin da biyu. Na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, yadda abin ya fara masa ba sallama. Na tuna wata takarda da na gani manne a bangon asibiti, mai hoton dattijo ya dafe mara. Na ce a raina, shi ke nan, tsufa ya iso, kuma duk ranakun duniya yau ya zaɓa. Na ƙara danna tukunyar a jikina don kada kowa ya gani.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, "me kake ɗauke da shi ne mai ƙamshi haka?"

"Romo ne, Iya."

"To me ya sa kake gumi kamar wanda ya sato shi?"

Na yi mata murmushin da ban san inda na samo shi ba. Ɗumin ya kai gwiwa. Ya wuce. Ya shiga safa. Na fara tunanin yadda zan gaya wa matata, da wanda zai riƙe shago idan aka kwantar da ni, da ko Cokali za ta iya ɗaga kai a unguwa bayan yau.

Da muka iso na bari kowa ya sauka. Na fito a duƙe, tukunya a gabana ƙasa-ƙasa, ina tafiya kamar mai raka kaza. Takalmin hagu yana cewa caɓal, caɓal.

"Baba, lafiya? Kawo in karɓa."

"A'a! Wuce gaba. Kada ki waiwayo."

Ta ƙofar baya aka shigar da mu kicin. Wuri ne dogo, tebur na ƙarfe a tsakiya, tukwane rataye a sama, murhu shida a jere. Masu neman su takwas suna tsaye kowa da kularsa. Madam gajeruwa ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya, ludayi a hannu kamar sandar malami.

"A ajiye a tebur," in ji ta.

Ban motsa ba.

"Baban yarinya, da kai nake."

"Ranki ya daɗe, ko za a iya ɗanɗanawa a hannuna?"

"Baba, don Allah," Cokali ta ce ƙasa-ƙasa.

Na rufe ido na ajiye. Na buɗe ido ɗaya na duba ƙasa. Wandona ya jiƙe daga ƙugu har idon sawu, yana ƙyallin mai, ga ɗigon lawashi kore-kore a manne.

"Alhamdu lillahi!" na ce da ƙarfi. "Romo ne! Wallahi romo ne!"

Sai da na faɗa na ga fuskar 'yata. Ta kwance tsumman, ta ɗaga murfin. Dankali da karas da wake suna zaune a ƙasan tukunya, tsaf, babu ko cokali ɗaya na ruwa. A tsakiyarsu ga rami zagayayye, ana hango teburin ta ciki. Idonta ya ciko. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

Madam ta sa tabarau. Ta leƙa ramin. Ta ɗaga tawul ɗin, ta kankare wani jan abu da farce, ta shinshina.

"Kyandir," in ji ta.

"Hatimi ne," na ce. "Na wanda ya gina ta."

Ta fita ta ƙofar gaba, ta dawo rungume da wata tukunya irin tawa sak, sai dai tata koriya ce, kuma akwai fure ja yana tsaye a cikinta. A ƙarƙashinta ga irin farantin da na kwana biyu ina kira murfi.

"Ta shuka fure ce, Baba. Ramin na fitar ruwa ne. Wani ya toshe shi da kyandir. Ba ka gwada ta ba?"

"Na gwada. Kwana ta yi da ruwa."

"Mai zafi?"

Wani dogon saurayi cikin masu neman ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Mai wanke-wanke ta shige bayan firji.

Madam ta matso kusa da ni, ta zagaya ni sau ɗaya a hankali tana jan hanci, kamar mai sayen turare.

"Citta kika sa?" ta tambayi Cokali.

"E, Madam. Kaɗan."

"Ba kaɗan ba ne, tun daga ƙofa na ji ta. Albasar kin soya kafin ki zuba ruwa?"

"Na soya."

"Ya nuna. Gishiri ne ba zan iya faɗa ba, kuma ba zan lashi wandon babanki ba." Ta ture tukunyar gaban Cokali. "To. A ce baƙo yana zaune a waje, ya biya, yana jira, romo kuma ya bi mota. Wannan ne ya rage miki. Ga murhu, ga abin da ke kan kanta. Minti goma sha biyar."

"Ranki ya daɗe, in zan iya taimaka da..."

"Kai kuma waje."

Aka zaunar da ni a kan benci a bayan kicin, kusa da buhunan gawayi. Ba a yi minti biyu ba kyanwa ta zo. Sai ta biyu. Ta uku ta hau bencin ta zauna tana kallon gwiwata da ladabi. Na kore su, suka matsa taku ɗaya suka dawo.

Akwai 'yar taga mai raga. Na hau kan buhu na leƙa. Cokali ta share ido da bayan hannu, ta ɗora kasko, ta zuba mai. Ta fasa ƙwai huɗu da hannu ɗaya, abin da ban taɓa sanin ta iya ba. Ta daddanna dankalin da bayan cokali, ta juye kayan lambun a kasko, ta kwarara ƙwan a kai, ta rage wuta.

"Saura minti tara!" na faɗa ta tagar.

Madam ta zo ta rufe tagar a fuskata.

Na koma benci. Rana ta fara busar da wandon, ya yi tauri kamar kwali. Na ji ƙarar faranti, na ji shiru, na ji an kira masu kuloli ɗaya bayan ɗaya. Awa guda da minti goma ina zaune da kyanwoyi. Masu neman suka fara fitowa, kowa ya gaishe ni yana kallon sama.

Cokali ce ta fito ƙarshe, da farar hular girki a hannunta.

"Ta ce in fara ranar Litinin."

Na miƙe, wandon ya yi ƙara.

"Ta ce girki kowa ya kawo mai kyau, amma ni kaɗai ta ga yadda nake yi idan abu ya lalace. Ta ce wadda ta taso a gidanka, kicin ba zai firgita ta ba."

"Yabo ne wannan?"

"Ban tambaya ba, Baba. Akwai sharaɗi kuma."

"Na me?"

"Ta ce in kana son rako ni, iyakarka bakin titi. Kuma hannunka a aljihu."

Na ce na yarda. Ta kama hannuna muka nufi tasha. Direban farko ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce motarsa ta cika, alhali kujeru a fili. Na biyu ma haka. Muka taka da ƙafa har gida, ita tana gaba tana gwada hular, ni ina baya ina lissafin ƙarfe nawa ya kamata ta tashi ranar Litinin.