Fis Ɗin Jirgin Arvo

"Direba, zo riƙe min wannan wayar. Jar, ba baƙar ba. Kai, shekara nawa kana tuƙa 'ya'yan mutane ba ka san ja da baƙi ba?"

Arvo yana durƙushe cikin jirginsa na ruwa, jirgin kuma yana kan tirela a gefen gida, inda ya kwana ashirin bai motsa ba. Na tsallaka shingen da ke tsakanin gidajenmu, na hau, na riƙe masa wayar. Ya ɗora mita a kan batir na ɗaya, ya kanne ido yana karantawa.

"Sha biyu da ɗigo bakwai. Cike yake fal." Ya koma kan na biyu. "Wannan ma haka."

Ya murɗa makulli. Shiru. Ko ƙas injin bai ce ba.

Fis ɗin injin yana cikin aljihun rigata, wani ɗan abu rawaya da bai fi farce ba, wanda in babu shi wuta ba ta isa injin. Ina jin sa a ƙirjina kamar garwashi.

Shekara talatin da huɗu Arvo Niemela ya yi yana gyaran lantarki a masana'antar takarda. Ni kuwa motar 'yan makaranta na tuƙa, shi ya sa bai taɓa kirana Gordon ba, sai Direba. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, kuma shi ya koya mini fatsa a babban tafki. Idan zafi ya shigo kifi kan sauka can ƙasa inda ruwa ke da sanyi, ƙafa ɗari da wani abu. Saboda haka akwai injinan dalma biyu a bayan jirgin, kowanne da wayar ƙarfe da ƙwallon dalma mai laba goma sha biyu, su ke kai ƙugiya ƙasa su dawo. A da da hannu yake juya su. Da kafaɗarsa ta gaji sai ya sa masu lantarki, su kuwa ba su da aiki sai shan wuta.

Doka ɗaya gare shi, yakan maimaita ta har kunne ya ƙoshi. "Batir na biyu na kifi ne, ka sha shi yadda kake so. Na ɗaya na komawa gida ne. Ba a taɓa shi." Da mun isa wurin kifi yakan kashe babban inji, ya tayar da ƙaramin inji na tafiya a hankali, ya mayar da makunnin da ke zaɓar batir kan lamba biyu, sannan ya dafa shi da hannu kamar mai rufe bakin tulu.

A watan Yuli ya fita shi kaɗai da sassafe. Ya bar makunnin a kan duka biyun. Wuni guda yana sauke dalma yana ɗagowa, har ƙaramin injin ya cinye mansa. Da ya juya ga babban, babu wuta ko kaɗan. Rediyo ma ya mutu. Iska ta yi ta tura shi tsakiyar tafki. Butch Harju, wani masunci na garinmu, shi ya tsince shi da la'asar, mil tara daga kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Tafukan hannunsa duk sun tsage, domin ya yi ta ƙoƙarin jawo wayar ƙarfen da hannu. Butch ya ce da ya matso, abin da Arvo ya fara tambayarsa shi ne ko ya ga babansa a kwata. Baban ya rasu tun ina makarantar firamare.

Kwana biyu bayan haka matarsa Aili ta shigo gidana da burodi mai ɗumi a naɗe cikin tawul. Ba ta zauna ba.

"Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai ci," in ji ta. "Na ɓoye makullin jirgin, ya fito da wani. Na ɓoye wannan, ya fito da na uku. Gordon, mutumin nan makulli gare shi har cikin takalmi."

"Ki kira Marcia mana." 'Yarsu ce, tana aure a birnin Milwaukee.

"Marcia ta ce a sayar da jirgin. Ka san in aka sayar, gara a haƙa masa rami kawai." Ta kalli taga, ta rage murya. "Ba ya kai jirgi ruwa sai ya tayar da injin a gida tukuna. Ka san halinsa. Ka yi wani abu kada injin ya tashi."

Washegari, tana tare da shi a coci, na buɗe murfin injin na zare fis ɗin. Na ɗauka kwana biyu zai gano, mu sha faɗa, a wuce wurin. Arvon da na sani ko minti biyar ba zai yi ba.

Bai gano ba. Zuciyarsa ta tsaya kan batir, nan ta kafe. Ya ce injinan dalma ne ke satar wuta. Ya kwance wayoyinsu, ya goge kowane baki da takardar yashi har ya yi ƙyalli, ya mayar. Kullum da safe ina shan kofi a baranda ina ganinsa ya ja wayar caja daga gareji, ta bi ta kan ciyawa. Wata rana ya buɗe murfin injin ina tsaye a gefensa. Yatsansa ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan gurbin fis ɗin, ya ɗan tsaya, ya wuce. Ya rufe murfin.

Sau biyu na kai shi shagon kayan mota da batiran a bayan motata. Denise, mai shagon, ta ɗora su a na'ura.

"Baba Arvo, lafiyarsu ƙalau. Sun fi ni lafiya ma."

"Na'urarki ce ba ta da lafiya."

"To, ka kawo taka mu gwada."

Ya yi dariya, muka shiga mota, muka wuce gada. Sai ya ce, yana kallon hannayensa, "Injin da ya kai girman cocinmu na gyara, Direba. Cikin duhu, da tocila a baki. Yanzu ga waya shida ta gagare ni." Ya goge ido da bayan hannu. "Kada ka gaya wa Aili."

Da yamma na sami Aili tana kwashe shanya.

"Ba zan iya ba kuma," na ce mata. "Zan mayar da fis ɗin."

"Mayar," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Sai dai in an kira a zo a duba gawa, kai za ka je. Ni ba zan je ba." Ta ninke rigarsa, ta sake warwarewa, ta sake ninkewa. "Kana tsammani ni ba na ganinsa ta taga?"

Ban mayar ba.

Agusta ta wuce, Satumba ta raba. Ganyen itatuwan layinmu ya fara ja. Wata Talata da safe na tarar da shi zaune a kujerar jirgin, ya yi aski, ya sa hularsa ta ulu, babu mita a hannunsa. Idonsa garau, irin na da.

"Hau nan, Direba."

Na hau.

"Fis ne," ya ce. "Na babban inji. Babu shi. Kuma fis ba ya da ƙafa."

Na rasa inda zan sa idona.

"Ita ta sa ka?"

"Ni na yi."

"Ƙarya kake. Kai da ba ka san ja da baƙi ba, ina ka san fis?"

"Kai ka nuna min. Shekarar da muka maƙale a bakin kogi."

"Ashe ni na yi wa kaina." Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya daɗe yana kallon makunnin batir. "Na bar shi a kan duka biyun, ko? Ran nan."

"E."

"Ni?"

"Kai."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na sa hannu a aljihu, ya ɗaga tafi ya tsayar da ni.

"Bar shi a wurinka. Yau ina nan, gobe ban san wanda zai tashi a gadona ba. Amma ran Asabar ka kai ni. Kai za ka tuƙa, kai za ka riƙe makunni. Ni dalma kawai zan sauke. Sau ɗaya, kafin a rufe kwata saboda hunturu."

Aili ta yarda, da sharaɗin rigar ceto, kuma kada mu wuce hasumiyar fitilar da ke haska wa jirage hanya. Ran nan muka cika batiran biyu, ya sa na karanta masa mita da ƙarfi kamar ɗalibi. Ta soya mana dankali da busasshen kifi, ya ci har da ƙari.

Ran Alhamis iskar arewa ta taso. Ko daga layinmu ana jin tafkin yana dukan duwatsu. Asabar ta zo, ko Butch bai fita ba. Lahadi haka. Litinin aka fara ruwa mai sanyi kamar allura.

Ran Litinin ɗin na tafi cire haƙori a gari. Aili ta sha maganin ciwon baya bayan abincin rana, barci ya ɗauke ta a kujera. Da na dawo wajen ƙarfe uku na hango shi daga bakin layi. Yana cikin jirgin da 'yar shara, ba hula, ruwa na zuba a kansa, mita a hannu.

"Arvo! Sauko!"

"Yauwa, zo riƙe min wannan." Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na kaɗawa. "Wani abu na shan wutar nan. Na kusa gano shi."

"Fis ne, tsoho. Ga shi nan a hannuna, duba. Kai da kanka ka faɗa ran Talata."

Ya kalli abin da ke tafina, ya kalle ni, kamar na miƙa masa tsakuwa.

"Ba fis ba ne," ya ce. "Batir ne."

Sai da na ɗauke shi cak. Bai fi buhun dankali nauyi ba.

Sanyin ya sauka a huhunsa. Ya kwana tara a asibiti. A kwanakin nan iska ta kwanta, tafkin ya yi lumui, jirage suka yi ta fita. Daga nan likita ya ce a kai shi gida ya huta cikin nasa, muka gane abin da ake nufi. Aka kafa masa gado a falo, kusa da tagar da ke kallon jirgin. Marcia ta zo. Matan coci suka yi ta kawo abinci har firji ya ƙi rufuwa. Ba ya magana sosai. Wani lokaci yatsunsa kan yi motsi a kan bargo kamar mai murɗa kusa.

Rana ta uku da dawowarsa gida, da hantsi, na kasa zama. Na fita, na buɗe murfin injin, na mayar da fis ɗin gurbinsa. Na jona tiyon ruwa don sanyaya injin, na sa makunni a lamba ɗaya, na murɗa. Bugu ɗaya ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙara ta cika layin, karen maƙwabta ya hau haushi. Na danna injinan dalma, suka yi kukansu, na dama da na hagu. Na bar shi yana ruri ina kallon taga.

Aili ta ɗaga labule. Ta juya ta kalli gadon, ta daɗe. Sannan ta juyo gare ni, ta ɗan buɗe tafukanta.

Na kashe, na shiga.

"Ya ji?"

"Ban sani ba, Gordon. Ya buɗe ido." Ta gyara masa bargo. "Amma yana buɗewa haka nan ma."

Na zauna a gefensa na ce, "Ya tashi, Kyaftin. Bugu ɗaya." Numfashinsa na fita da ƙyar, kamar ana jan zarto cikin ɗanyen itace. Na riƙe hannunsa. Tabon wayar ƙarfe yana nan a tafin, layi biyu farare.

Washegari wajen ƙarfe goma na safe ya cika. Marcia na wanke kofuna, Aili na gefensa, ni kuwa ina tsakar gidana ina share ganye. Na ga Aili ta fito baranda ba takalmi, ta tsaya riƙe da ƙofa. Na ajiye tsintsiyar.

Bayan an binne shi, a ɗakin ƙasa na coci, mutane na shan kofi suna ba da labarinsa. Denise ta ce ya taɓa gyara mata firji da cokali mai yatsu. Butch ya dafa ni ya ce na yi ƙoƙari, ba kowane maƙwabci zai yi abin da na yi ba. Ban san wanne yake nufi ba, ban kuma tambaya ba. Ni da Aili ba mu taɓa sake tayar da maganar ba. Sau ɗaya na fara, a bakin shinge, ta ce, "Da yana tafki, da yanzu ba mu da kabarin ziyarta." Can kuma ta ce, "Ko da yake wa ya sani." Ta shige gida.

A farkon Nuwamba surukin Butch, wanda ya sayi jirgin, ya zo da motarsa ya ɗauke shi. Na taya shi ɗaurawa. Aili ta tsaya a baranda cikin babbar rigar sanyi har suka sha kwana. Inda jirgin ya zauna tun Yuli, ciyawa ta yi tsawo ta koɗe, fara sol, ta fitar da siffar jirgin, doguwa mai tsinin kai, ga ramuka biyu inda tayoyi suka nutse. Ta sauko a hankali ta tsaya a bakin wurin, hannayenta cikin aljihu. Dusar ƙanƙara ta fara saukowa ɗaiɗai, tana narkewa a kan hanya, tana zama a kan ciyawar.