Rawayan Gangaren Rafi

"Ba zan sa hannu ba, Kawu."

Ylva ta tura takardar ta koma gaban Kawu Sixten. Ƙanen mahaifiyarta ne, kuma shi ke da kamfanin katakon da ya ɗauke ta aiki bayan ta gama jami'a. Takardar cewa take yi babu tsiron da ya cancanci kariya a kurmin gangaren rafi, a shiga a sare.

"Kin je kin duba ko ba ki je ba?"

"Na je. Ƙanƙara na gani da ruɓaɓɓen ganye. Wane fure ne zai fito a farkon Maris?"

"To rubuta ba ki ga komai ba mana, Malama mai digiri."

"Ka ba ni mako shida."

"Mako shida! Ƙasa ta narke, injina su nutse a laka, in jira wata shekara? Ke za ki ja itacen da wuyanki?" Ya gutsiri burodin kirfa. "Ko ki sa hannu, ko ki ajiye makullin motar kamfani."

Ta ajiye makullin a kan takardar, ta fita da kanta a sama.

Tana da dalilinta. Tana 'yar shekara bakwai kakarta ta nuna mata wani fure rawaya a wannan gangaren, gulsippa, wanda ba a cika samunsa a yankinsu ba. Sai dai tunanin yarinta ba hujja ba ne. Kawu ya nemi wani masani daga birni, shi kuma ya ce ba zai samu zuwa ba sai ƙarshen Afrilu. Kafin nan dole ta gani da idonta.

Kullum da safe sai ta hau keke, tafiyar awa guda, iska na yankar kunne. Takalminta ya sha ruwa har ya daina bushewa. A shagon gari ana yi mata ba'a: "Ylva, an samo furen? A kira 'yan jarida?" Ita ko sai ta ce, "Ku tanadi kujerar gaba."

Da Afrilu ya kama, farar 'yar'uwarsa, vitsippa, ta rufe ƙasan kurmi. Nan wahalar take, don ganyenta da na rawayan kusan ɗaya ne, sai fure ya buɗe ake rabewa. Ta bi gangaren da rarrafe, gwiwoyinta duk laka. Wata rana ta hango rawaya, ta ruga har ta zame. Da ta duba, ba shi ba ne, ganyen mai ƙyalli ne, siffar zuciya, irin wanda ke cika kowane bakin lambatu. Ta zauna a kan kututture ta yi kukanta, sannan ta share fuska, tun da ba wanda ya gani.

Kwana tara bayan haka, a bayan wani faɗaɗɗen icce, ta same shi. Ganye uku manne a ƙarƙashin furen, kai biyu a kara ɗaya, rawaya kamar man shanu. Ta ɗaga ido, sai ga su sun bi rafin har inda ya karya kwana. Ta ɗauki hoto, ta auna wurin, ta aika wa hukumar yanki.

Ranar da hukumar ta zo kafa turakun hana sara, Kawu Sixten ya zo, hannu a aljihu. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Wannan ɗan mitsitsin ne ya cinye mini shekara?"

"Shi ne, Kawu. Ɗaga ƙafarka, kana taka ɗaya."

Ya ɗaga da sauri. "Kakarki ma haka take da taurin kai," ya ce, ya juya zuwa motarsa, yana zaɓen inda zai sa ƙafa.

Gangaren ya tsira, baɗi ma zai yi fure. Ylva kuwa aikinta bai dawo ba. Ta bar ɗakin da aka ba ta a saman ofishin kamfani, ta koma wanke kofuna a gidan shayin tasha, kuma Kawu bai sake gayyatar ta cin abincin Lahadi ba.