Kwana Goman Ƙyalla

"Ba za ta shiga motata ba, Baba," in ji Ɗanmaraya direba. "Ko da kai kaɗai ne fasinja a garin nan."

Malam Mamuda bai ɗauke hannunsa daga kan kwandon ba. Babban kwandon kaji ne, an rufe bakinsa da buhu an ɗaure da igiya, yana bisa baro a tsakiyar tashar Kurfi. Karya ce kwance a ciki, ƙafarta ta baya a karye.

"Ga awaki biyu can a but ɗinka," in ji Mamuda. "Ga wata can da kaji a cinya."

"Akuya ana yanka ta ranar suna. Wannan fa, me za a yi da ita?"

'Yan kamasho suka yi dariya. Wata hajiya da ke kujerar gaba ta leƙo ta taga, ta ja mayafinta ta toshe hanci, ko da yake babu wani wari.

"Direba, in ka ɗauki abin nan ni sauka zan yi. Da alwalata na fito."

"Ka ji ko, Baba? Ka nemi mashin."

Ya riga ya nemi mashin. Uku ya tsayar, uku suka wuce.

Mamuda ya tura baronsa zuwa inuwar darbejiya. Shekarunsa saba'in da biyu. Ya yi farauta tun yana saurayi, daga baya ya yi gadin makarantar firamare har ƙarfinsa ya ƙare. Bai saba roƙon yara ba, kuma yau ya roƙi huɗu.

Ga abin da ya kawo shi tasha. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan bayan Birchi, mutane suka kwashe suka dawo cikin Kurfi. Sun ɗauki hatsi da tabarmi, wasu har kwanon rufi suka ɓamɓare. Karnuka ne ba wanda ya ɗauka. Karnukan da suka kwana suna yi musu haushi a bakin gari, su ne aka bari. Mamuda ya koma ƙauyensu ɗauko turmin matarsa Rahamatu, sai ya ji kuka a gidan Alhaji Zubairu mai hatsi. Ya tarar da karyar gidan ɗaure da sarƙa a gindin rumbu. Kwana tara ke nan da tashin mutane. Ta ci ƙasar da bakinta ya iya kaiwa. Ya bar turmin, ya aza ta a baro. Sunanta Ƙyalla saboda farin da ke goshinta. Bayan ita ya kwaso wasu uku, ya yi musu shinge a garkarsa ta bayan gari. Tun daga nan wasu suka daina ba shi hannu a ƙofar masallaci. Shi ma ya daina miƙawa.

Yau da hantsi Ƙyalla ta biyo shi cikin gari. Zubairu na tsaye ƙofar shagonsa cikin farar shadda yana magana da baƙi. Ta ji muryarsa. Ta ruga tana kaɗa bindi, ta kwanta a ƙafafunsa, ta shafa masa ƙasa a bakin riga. Zubairu ya ɗauki dutsen da ake tokare ƙofa da shi ya sakar mata a ƙafa. Tana ihu ya sa takalmi ya taka wurin. Nan ta kama shi a ƙwauri.

Kafin Mamuda ya iso, gari ya ɗauka cewa mahaukacin kare ya ciji Alhaji. Samari sun fito da sanduna. Tsofaffin mata na cewa a kashe ta a ƙona gashinta a shafa tokar a ciwon. Mai unguwa Jibril ne ya tsayar da su, don yana jin nauyin Mamuda. Ya ce ya ba shi zuwa la'asar, ya kawo takardar likitan dabbobi cewa lafiyarta ƙalau. In babu takarda, samari su yi aikinsu. Mamuda ya je ofishin dabbobi na garin ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikacin ya fita rigakafin shanu. Saura asibitin dabbobi na Dutsin-Ma.

Yana nan zaune wata a-kori-kura ta tsaya shan mai. A bayanta wani Bafulatani ne riƙe da kan maraƙi. Ya dubi kwandon, ya dubi tsohon.

"Baffa, me ke kuka a ciki?"

"Karya ce. In za ka yi dariya ka yi, na ji ta wasu."

"Ina za ka kai ta?"

"Asibitin dabbobi, Dutsin-Ma."

"Can za ni. Ni na yi shatar motar." Ya diro ya kama gefen kwandon. Direban ya fara magana, Bafulatanin ya ce masa, "Kai tuƙi aka ce ka yi."

Sunansa Manu, daga wajen Zobe yake, ya zo ɗaukar maraƙin ne a rugar ƙanensa. A hanya ya ɗaga buhun ya duba. Ƙyalla ta lashi yatsansa.

"Wannan ba ta da hauka. Mai hauka ba ya duban mutum haka."

"Na sani."

"To me ya sa ta ciji mutum?"

Mamuda ya ba shi labari a taƙaice. Manu ya yi tsaki, ya tofa yawu a kan titi.

"Mu in za mu tashi, kare ne ke gaba. Ko tsoho ne ba ya iya tafiya, a kan jaki ake aza shi."

Duk ramin da motar ta faɗa sai karyar ta yi ƙara, Mamuda kuma ya ƙara riƙe kwandon.

Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa. Masu shanu da raguna sun yi layi. Da suka ga abin da aka sauke, suka matsa gefe, har wani ya janye ragonsa. Hakan ya sa Mamuda ya tsinci kansa a gaba ba tare da ya nema ba. Likitar mace ce, Sakinatu, ba ta kai ƙaramar ɗiyarsa ba. Ya ɗan tsaya. Sannan ya kwance igiyar.

Ta ɗaure wa karyar baki da bandeji, ta shafa ƙafar a hankali.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Mai ita."

"Ba kai ne mai ita ba?"

"Ni tsintar ta na yi."

Ta yi mata allura, ta gyara ƙashin, ta ɗora. Mamuda ya riƙe kan karyar har aka gama. Ya ga hannun yarinyar ya san aiki, ya ajiye wannan a ransa bai faɗa ba.

"Saura takarda, Likita. Ki rubuta ba ta da hauka."

Sakinatu ta wanke hannu ta juyo.

"Ba zan iya rubuta haka ba, Baba."

"Kin gan ta da idonki."

"Na gan ta, kuma ban ga alamar komai ba. Amma an taɓa yi mata rigakafi?"

"Wa zai yi mata? Abinci ma da ƙyar."

"To ka gani. Ciwon nan yana iya ɓoyewa. In na rubuta lafiyarta ƙalau, mutumin ya zauna gida bai je asibiti ba, wani abu ya same shi, ni da kai muka kashe shi."

Mamuda ya miƙe tsaye. Gwiwarsa ta yi ƙara.

"Tun safe nake turin baro. An yi mini dariya a tasha, yaran da na yi gadinsu suna 'yan aji ɗaya. Shi ya ɗaure ta ya tafi. Shi ya karya ta. Yanzu kuma ransa ake tattali, ita a kashe ta da la'asar."

"Zauna, Baba. Ban gama ba."

Bai zauna ba. Ta ɗauko takarda ta fara rubutu tana faɗa masa abin da take rubutawa. Wanda aka ciza ya wanke ciwon da sabulu sosai, ya je asibiti yau a fara masa allura, kada ya sa toka ko wani abu. Karyar kuma a tsare ta wuri ɗaya kwana goma, a ba ta ci da sha. In ta kai kwana goma da ranta da lafiyarta, to lokacin da ta cije shi babu ciwon a bakinta. In aka kashe ta, ko ta ɓace, an rasa wannan shaidar.

"Sake faɗa mini na ƙarshen," in ji Mamuda.

Ta sake faɗa. Ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa cikin hula.

Manu, da zai mayar da maraƙin rugar ƙanensa, ya sauke shi a Kurfi ana kiran la'asar. Bayan salla aka taru ƙofar gidan mai unguwa. Samari na jingine da bango, sandunansu a hannu. Zubairu na kan benci, ya miƙe ƙafar, an naɗe ta da tsumma. Ya canza riga. Fuskarsa ba irin ta safe ba ce, don tun hantsi masu zuwa dubiya ke ba shi labarin yadda mai cizon mahaukacin kare yake mutuwa.

Mamuda ya ajiye baro a tsakiya, ya gaida mai unguwa, ya miƙa takardar. Mai unguwa ya sa tabarau ya karanta a fili. Ya kai ƙarshe ya sake komawa farko.

"To, Malam Mamuda, ba ta ce lafiyarta ƙalau ba."

"Ba ta ce ba, ranka ya daɗe."

"Shi ke nan," in ji wani saurayi, ya ɗaga sanda.

"Kai, tsaya," in ji Zubairu. "Ba ka ji abin da aka karanta ba? Ka kashe ta ni in san matsayina ta yaya?" Ya juya ga mai unguwa. "Ranka ya daɗe, a bar ta kwana goman. In sun cika sai a yi abin da za a yi."

Mai unguwa ya gyaɗa kai. Mutane suka fara kakkaɓe riguna.

Mamuda ya durƙusa ya kama ƙullin igiyar kwandon.

"Me za ka yi, Baba Mamuda?" in ji Zubairu.

"Manu Bafulatani na tasha, bai tafi ba. Ya ce in an rasa mai riƙe ta yana so. Yanzu zan miƙa masa ita, gobe sun yi gaba da shanu. Inda za su ni ma ban sani ba."

"Ba ka isa ba. An ce a tsare ta."

"Wa zai tsare ta? Ni zan ciyar da ita kwana goma, in wanke mata ƙafa, har ta warke, sannan in miƙa wa waɗannan su fasa mata kai don hankalinka ya kwanta? Ban yi wa ubanka bauta ba, Zubairu, ba zan yi maka ba."

"To a kai ta gidana."

"Ta taɓa zama gidanka."

Mai unguwa ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, ai dabba ce. Mamuda ya ce ya sani, shi ya sa yake magana a madadinta.

"Me kake so?" in ji mai unguwa.

"Ya faɗa a gaban jama'a cewa karyarsa ce, shi ya fara taɓa ta. Kai kuma ka faɗa, in ta cika kwana goma lafiya ba mai ɗaga mata sanda, ita da sauran ukun. Ba takarda nake so ba, ban iya karatu ba. Baki nake so, a gaban shaidu."

"Haba Baba, a gaban yara?" in ji Zubairu.

Mamuda ya ja igiyar. Ƙullin farko ya kwance.

Zubairu ya dubi ƙafarsa. Jini ya ɗan ɓullo ta tsumman. Ya dubi samarin, waɗanda yanzu shi suke kallo ba kwandon ba.

"Tawa ce," ya ce, muryarsa ƙasa.

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

"Na ce karyata ce. Ni na jefe ta."

Mai unguwa ya faɗi nasa, ya kira mutum uku da suna ya ce su shaida. Ya ce wa samarin su kai sandunan gida. Ya ce wa Zubairu ya tashi a kai shi asibiti tun rana ba ta faɗi ba, kuma a cire masa tokar da ya ga alamarta a ƙarƙashin tsumman.

Mamuda ya mayar da ƙullin. Ya kama hannayen baron, ya ji kafaɗunsa sun ƙi. Tun asuba bai sa komai a cikinsa ba. Ya sake gwadawa, baron ya karkata, karyar ta yi ƙara.

Zubairu, wanda ake taimaka wa ya hau mashin, ya juyo da sauri.

"A hankali mana. Kai, Sirajo, kama masa. Kada ku bari ta faɗo."

Sirajo, wanda ya fara ɗaga sanda ɗazu, ya jingine ta da bango ya zo ya kama baron. Mamuda ya sakar masa, ya maida hannayensa baya, ya wuce gaba.

"Ka bi ta gefen kwata, can ba duwatsu," ya ce, bai waiwayo ba.