Idon da Aka Huda a Nok

Malama Martha ta ɗaga ƙafa za ta shiga motar Kwoi, sai ta taka iska. Ba don Hajiya Asibi na bayanta ta tare ta da ƙirji ba, da tashar Kafanchan ta sami abin kallo da hantsin nan.

"Maman Silva, ƙofar tana nan, ba can ba," in ji Hajiya Asibi, ta ja hannunta.

"Takalmin ne, Hajiya. Sabo ne."

"Wanda kika sa a bikin Sadiyata shekara huɗu ke nan? To, Allah ya ƙara masa sabunta."

Suka zauna a kujerar bayan direba suna dariya. Su biyun nan, in gaya muku, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu tun shekara talatin. Malama Martha ta koyar a firamare har ta yi ritaya, Hajiya Asibi kuwa busasshiyar citta take sayarwa a kasuwa, tun zamanin uwarta. In Kirsimeti ta zo shinkafa ta tsallaka katanga, in Sallah ta zo nama ya tsallako. Ba abin da ba su faɗa wa juna, sai abu ɗaya da Malama ta ɓoye, ko in ce take tsammanin ta ɓoye.

Ranar Lahadin farko ta shekara, da matan zumunta suka taru bayan sujada kowa na faɗin ƙudurinta na sabuwar shekara, wannan ta ce za ta rage fushi, waccan ta ce za ta daina makara, Malama Martha ta miƙe ta ce ita bana yawo za ta yi. Duk wuraren da ta yi shekaru tana rubuta wa yara a allo ba ta taɓa zuwa ba, za ta je ta gani da idonta: Nok, da ruwan Matsirga da ke nan kusa da gida, da kan dutsen Kagoro. Mata suka tafa. Hajiya Asibi da ta ji labari ta ce ita shekararta ta Musulunci ta riga ta shiga tuntuni, amma ta ari tasu, da ita za a je, kuma ta daina shan sukari a shayi. Kwana biyu sukarin ya yi hutu.

Abin da Malama ba ta faɗa wa matan zumunta ba shi ne dalilin gaggawar. Yanar ido ce ta rufe mata idon dama, na hagu ma yana bin sahu. Ɗanta Silvanus da ke aiki a Kaduna ya kai ta asibiti kafin Kirsimeti, aka ce aiki za a yi, ƙaramin aiki. Nas ɗin ta yi mata bayani da fara'a, ta ce, "Mama, ɗan huda idon kawai za a yi a cire yanar." Daga jin kalmar huda, Malama ba ta ƙara jin komai ba. Ta dawo gida ta soke katin asibitin cikin littafin waƙoƙin coci ta rufe. Likitan idon ba kullum yake zuwa ba. Talata mai zuwa zai yi aiki, gobe Juma'a kuma za a rufe rubuta sunaye. In ta wuce wannan, sai bayan damina, in akwai sauran abin gani a lokacin.

Wayarta ta yi ƙara tun ba su wuce gadar jirgi ba. Ta san ko wane ne, ta bar ta cikin jaka tana kuka har ta gaji.

"Ba za ki ɗauka ba?"

"Silva ne. Gaisuwa ce kawai."

Hajiya Asibi ta ce "uhm," irin uhm ɗin da take yi wa mai ciniki in ya rantse ba shi da riba.

Hanya ta yi daɗi. Malama ta sa fuska a taga, tana ganin duniya kamar ta cikin farin gyale, kore a nan, ja a can, amma hancinta bai tsufa ba. Da suka kusa ƙasar Jaba ƙamshin citta ya cika motar, domin lokacin shanya ne, mata sun baza ta fari fat a kan duwatsu da bakin titi. Hajiya Asibi ta manta da yawon buɗe ido ta yi ta leƙe tana cewa, "Kai, wannan ba ta bushe ba, za su cuci kansu. Dubi waccan, waccan ita ce citta." Malama ta yi ta cewa "ƙwarai kuwa," alhali ba ta ga ko ɗaya ba.

A Kwoi suka hau mashin biyu. Hajiya ta ƙanƙame rigar mai mashin ɗinta tana salati a kowane rami, tana ce masa ita ba gawa ya ɗauko ba, ya bi a hankali. Haka suka shiga Nok, ƙauye tsit a gindin duwatsu, awaki na kwance a inuwa, wata mata na daka a bayan gida.

A ƙofar gidan adana kayan tarihin wani mutum mai furfura a gemu yana share ganye. Ya ɗago ya dube su, ya sake duba, tsintsiya ta faɗi.

"Kai! Malama ne ya zo?"

"Malama ce ta zo," in ji Malama Martha, bakinta ya riga ta. Sai mutumin ya kece da wata dariya mai kama da shaƙuwa, hik, hik, hik. Malama ta tsaya cak. Fuskar ba ta gani, amma wannan dariyar ta sha korar ta daga aji.

"Yafet! Yafet na aji huɗu, mai cin gyaɗa a ƙarƙashin benci! Har yanzu ba ka raba mace da namiji a Hausarka ba?"

"Malama, na raba su a gida, a baki ne suka ƙi rabuwa."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaida Hajiya, ya tambayi gida da yara. Ya ce shekara goma sha biyu ke nan yana kula da wurin, kuma ita ce sanadi.

"Kin tuna hoton kan Nok a littafinmu, wanda ya cika shafi guda? Na tambaye ki girmansa, kika ce ya kai randa. Ranar da na fara aiki a nan na shigo ina neman randa. Na duba ko'ina. Har na tambayi oga ko an kai manyan wani wuri ne."

Hajiya Asibi ta riƙe ciki. "Randa! Malama, ashe ƙarya kika yi ta shuka wa 'ya'yan mutane?"

"Ba ƙarya ba ce, hasashe ne," in ji Malama, ita ma tana dariya. "Shi ya sa na zo in gyara."

Ya shiga da su ciki. Ɗaki ne mai sanyi, da akwatunan gilashi a jere. Yafet ya gyara murya irin ta masu yi wa baƙi bayani, ya ce waɗannan kawunan yumɓu ne da aka gasa, masana sun ce sun haura shekara dubu biyu, masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu. Hajiya ta yi ta mamaki. Ta ce wannan kitson ai har yau ana yin sa, wancan kuma da ganin bakinsa mafaɗaci ne, ya yi kama da wani dillalin citta da ta sani.

Malama Martha ta matsa har goshinta ya taɓa gilashi. Ta rufe idon dama, ta buɗe na hagu iyakar ƙarfinta. Abin da ta gani wani dunƙule ne ja-ja, kamar curin ƙasa a cikin hazo. Ba kitso, ba baki, ba komai. Shekara talatin da biyar tana zana wannan kai a allo, ga shi yau tsakaninta da shi bai fi tafin hannu ba.

"Ya yi kyau," ta ce a hankali.

"Wanne?" in ji Hajiya Asibi.

"Wannan ɗin."

"Maman Silva, wannan da kike kallo ba kai ba ne. Dutsen niƙa ne. Kan yana akwati na gaba."

Yafet ya sunkuyar da kai yana gyara wata takarda da ba ta karkace ba. Hajiya ta matso ta kama hannun ƙawarta, ta rage murya.

"Kina tsammanin ban sani ba? Ranar Kirsimeti a ƙofar gidana kika gaida falwayar lantarki, har kika tambaye ta yara. Silva ya kira ni sau uku a makon nan. Na ce masa ya bar ni da ke."

"Huda mini ido za su yi, Hajiya," in ji Malama. "Da bakinta ta faɗa. Wanda ya rage mini ke nan. Gara in lallaɓa da shi in ga abin da zan gani, in ya ƙare ya ƙare."

"To me kika gani yau?"

Malama ta ja da baya daga gilashin.

Yafet ya fita, ya dawo da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya ce na cikin gilashi ba a taɓawa, amma wannan kwaikwayo ne da aka yi don 'yan makaranta su riƙe. Ya ɗora mata a tafin hannu biyu. Bai fi gwanda ƙarama ba. Malama ta bi shi da yatsu, ga tudun kitso, ga faɗin goshi, ga hanci. Sai ɗan yatsanta ya faɗa cikin rami. Ta matsa gefe, ga wani ramin.

"Yafet, wa ya ɓata masa idanu?"

"Ba ɓatawa ba ne, Malama, haka ake yin su. Na cikin gilashin ma haka suke, ido a huje, hanci a huje. Mama Tagwai ce ta gina mana wannan, wata tsohuwa mai ginin tukwane a bayan dutsen can. Na farko da ta yi ƙin hudawa ta yi. Ta ce ita ba za ta tsokane idon ɗan mutane ba, ko na laka ne. Muka sa shi a wuta, bai daɗe ba sai muka ji tau! Ya tarwatse, ko kunne ba mu tsinta ba. Zafin bai sami hanyar fita ba. Na biyun nan tana hudawa tana ba shi haƙuri."

Hajiya Asibi ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskar ƙawarta, ta mayar da bakin ta rufe. Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a wurin Hajiya.

Malama ta daɗe tana juya ɗan yatsa a cikin ramin idon. Gefensa sumul, an yi shi da kulawa.

"Shekara dubu biyu, ka ce?"

"Har da ɗoriya, Malama."

Suka fito inuwar mangwaro. Hajiya ta kwance ƙullin ƙosai da fulas ɗin shayi, ta zuba sukari cokali uku tana kallon wani wuri daban. Sun ci sun sha, sai Malama ta laluba jaka ta ciro waya ta miƙa mata.

"Nemo mini Silva. Ba na ganin sunayen."

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Mama! Tun safe nake kira. Kina ina?"

"Ina Nok, ina shan iska. Ka ce su rubuta sunana. In ka zo gida, katin yana cikin littafin waƙoƙina, wajen waƙoƙin Ista."

"Mama, da gaske? Me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Ka gaya wa likitan nan ya yi a hankali, kuma in zai huda ya ba ni haƙuri tukuna."

Da za su tafi Yafet ya kawo littafin baƙi. Ya rubuta mata suna da gari da kwanan wata, ya kai biro kan layin ƙarshe, inda baƙo ke faɗin abin da ya gani.

"Me zan sa a nan, Malama? In sa bai kai randa ba?"

"Kar ka sa komai," in ji ta, tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Bar mini wurin. Ban gani ba tukuna."