Sai An Yi Gada

A jami'armu idan mutum ya ce maka "sai an yi gada", to ka kama gabanka, har abada yake nufi. Kogi ne ya raba makarantar biyu, azuzuwa da ofisoshi a wannan gaɓa, gonar gwaji da shanunta a waccan. Kana iya hango mutum a tsallake har ka gane launin rigarsa, amma kafin ka isa wurinsa sai ka hau keke ka zagaya ta tsohuwar gadar gari, ka iso kana haki. Tun babana yana ɗalibi aka kafa allo a bakin ruwan cewa za a gina gada baɗi. Allon ya ruɓe aka kafa sabo, shi ma baɗi ya ce.

Sai ga shi an wayi gari manyan motoci sun cika bakin kogin, kuma ba da wasa ba. Ni Shunpei Iwabuchi, a sashen gine-gine na jami'ar nake aiki, a kan idona aka dasa ginshiƙai, aka ɗora ƙarafa, aka zuba kankare. Da ɗalibai suka ga da gaske ake, sai makaranta ta haukace. Kowa ya shiga tono alkawarin da aka taɓa yi masa. Farfesa Okudaira na sashen tarihi, wanda ya ce ba zai aske gemunsa ba sai an yi gada, ya shiga aji ya tarar da reza a kan teburinsa, an naɗe ta da jan kirtani. Mai abincin makaranta da ta saba cewa ƙarin nama sai an yi gada, ta koma ɓuya a bayan tukunyar shinkafa. Ko'ina ka bi dariya ake yi.

Ni kaɗai nake dariyar da rabin baki, don ni ma an taɓa gaya mini wannan kalma.

Muna shekarar ƙarshe ne, ni da Mizuho Karasawa, muna cin gasasshen dankali a gindin allon nan, na tattara ƙarfin halina na ce ta aure ni. Ta ɗaga kai ta dubi allon, ta dube ni, ta ce, "Sai an yi gada." Na haɗiye dankalin da zafinsa, na yi dariya kamar da ma wasa nake. Ban sake tayar da zancen ba. Ta kama aiki a gonar tsallake tana kiwon 'yan maruƙa, ni ina wannan gaɓa. Da safe mu ɗaga wa juna hannu, ran Asabar mu ci taliyar soba tare, mu yi hirar shanu da siminti. Son nata kuwa ko kaɗan bai ragu ba, wuri kawai ya samu ya zauna.

Da aiki ya zo ƙarshe, shugaban sashenmu Nagumo ya kira ni ofis. Zancen watarizome ne, ƙetarawar farko. Ba a buɗe sabuwar gada sai an samo gida guda mai ma'aurata hawa uku, kakanni da iyaye da jikoki, su fara takawa, don gadar ta yi tsawon rai irin nasu.

"Mun duba garin nan kaf, babu," in ji shi. "Yaran yanzu kun ƙi aure. Amma an dace, gidanku zai yi."

"Gidanmu? Shugaba, ai ni ba ni da mata."

"Na sani. Kakarka ta zo jiya da kwalin alewa, ta ce kafin ranar za ka yi. Har na sanar da shugaban jami'a." Ya miƙo mini kwalin. "Ɗauki ɗaya, da daɗi."

Ban san yadda na isa gida ba. A tsakar gida na tarar da Kaka Genzo da sandarsa, yana zuwa katanga yana dawowa, Kaka Tokiko tana zaune a bakin baranda tana ba shi umarni kamar soja.

"Ɗaga ƙafa, tsoho! A gaban jama'a za ka ja mini ita haka?"

"Kaka," na ce, "me kika je kika faɗa a ofishinmu?"

"Gaskiya na faɗa. Ka ga mutumin nan? Rabon da ya fito daga ɗaki tun sanyin bara. Da ya ji zancen gada shi ya nemi sandarsa da kansa. Kai kuma ɗan abin da ya rage naka ne, ka tsaya kana zare mini ido."

"Yarinyar ta ƙi ni tuntuni."

"Me ta ce?"

"Ta ce sai an yi gada."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To abin da kuke ginawa a can, akurkin kaji ne?"

Kaka Genzo ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa katanga. Ni kuwa ban yi dariya ba. In na sake tambaya ta sake cewa a'a, har taliyar Asabar ɗin na rasa.

Washegari na je bakin gadar da hular kwanona. An gama komai sai goge-goge, an ɗaure igiya ja da fari a kowane baki. Can a tsallake ga Mizuho da takalmin roba, tana ɗauke da bokiti. Injin wanke kankare yana ta ruri, na ce a raina yanzu ne daidai, in abin ya ɓaci ba wanda ya ji.

"Mizuho! Maganar nan ta dankali!"

Ta kara hannu a kunne. "Me?"

Na cika ƙirji da iska. Daidai nan Bando, shugaban leburori, ya kashe injin, ni kuwa na riga na saki murya.

"Na ce har yanzu ba za ki aure ni ba?"

Kogin ya ɗauka, ginin laburare ya maido. Masu fenti suka tsaya da burushi a hannu. Ɗalibai suka leƙo ta tagogi. Har wata saniya ta amsa daga tsallake.

Mizuho ta dire bokitin. "Har yanzu? Yaushe na ce ba zan aure ka ba?"

"Kin ce sai an yi gada!"

"To allon ba baɗi ya ce ba?"

Sai a lokacin na tuna daga Hokkaido, can arewa mai nisa, ta zo makarantarmu a waccan shekarar, ko hanyar ɗakin cin abinci ba ta gama sani ba.

"Ni baƙuwa ce, wa ya gaya mini abin da kuke nufi da shi?" ta ci gaba da ihu. "Na karanta allo, na ce baɗi ya yi, na gama karatu na natsu. Na je na gaya wa mamata ma!"

"Da kika gane daga baya fa?"

"Da na gane kunya ta kama ni, na ce bari ya sake tambaya. Kai kuma kowace Asabar sai taliya, taliya, taliya! Na ci taliya har na tsane ta, Shunpei!"

Leburori suka fashe da dariya, wani har yana buga hularsa a ƙarfe. Ban san sanda na ɗaga ƙafa zan tsallake igiyar ba. Bando ya damƙo wuyan rigata.

"Ina za ka, ango? Ba mai taka ta kafin tsofaffi. Ga kekena can."

Na hau keken nan na bi hanyar zagaye ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Ashe ita ma ta hau nata. A kan tsohuwar gadar gari muka haɗu, saura kaɗan mu yi karo, tana warin shanu ina warin gumi. Ta ce in sake tambaya a hankali, yadda mutane suke yi. Na tambaya. Kafin sati ya zagayo mun je ofishin gari mun buga hatimi a takardar aure.

Ranar buɗewa, duk makaranta ta fito. Farfesa Okudaira yana sahun gaba, fuskarsa sumul kamar dafaffen ƙwai, sai shafa haɓa yake. Mai abinci ta sallama, an jera tukwanen nama a bakin ruwa. Aka yanke igiya. Kakanni a gaba cikin baƙin kimono, rigar gargajiya, babana da mamata a bayansu, sai mu. Kaka Genzo ya miƙa wa Bando sandarsa, ya kama hannun matarsa. A hankali yake tafiya, amma yana ɗaga ƙafa, jama'a suna tafa masa a kowane taku. Mamata tana share hawaye. Ni dai murna ta cika ni har ƙafafuna ba sa jin kankaren da ni na tsaya aka zuba.

A tsakiyar gadar Kaka Tokiko ta ja burki, duk jerin ya tsaya, har shugaban jami'a da ke bayanmu. Ta juyo.

"Ke amarya, ni fa ban gama ba. Yaushe zan ga tattaɓa kunne?"

"Haba Kaka," na ce, "a nan?"

Mizuho ta matse hannuna. Ta ɗaga ƙafa ta buga a kan kankaren, ƙwas, ta ce, "Sai an yi gada, Kaka." Ga gadar kuwa an riga an yi, muna tsaye a kanta.

Bando ya ce da bai yi saurin miƙo mini sandar tsoho ba, da a nan zan zube.