Ƙwallo Mai Laushi Don Alhaji Maidaji

Saffana ta zo baje kolin Pazhou da ke ƙasar Sin ne don sayen kayan wasanni na shagonta da ke Kano, amma saƙon mahaifinta shi ne ya fi tsaya mata a rai. Alhaji Maidaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne, tun da ya yi ritaya kuma ya mayar da filin golf gidansa na biyu. Da za ta taso ya ce ta sayo masa ƙwallaye masu tauri irin na zakarun da yake gani a talabijin, domin a ganinsa na hannunsa sun mutu, shi ya sa bugunsa ya daina nisa.

Ita kuwa ta san ba laifin ƙwallayen ba ne. Tun tana makaranta take binsa filin, a hannunsa ta koyi riƙon sanda, kuma ta lura da yadda kafaɗarsa ta rage juyi a 'yan shekarun nan.

A rumfar wani kamfani ta tarar da mai shi, Mista Liang, ya jera ƙwallaye cikin akwatuna, kowane da lambarsa. Suka gaisa da ɗan Sinancin da ta iya, sauran suka ƙarasa da Turancin kasuwa. Ya ɗora ƙwallo a wata na'ura da ke matse shi ta nuna lamba. Saffana ta san ma'anar lambobin: mai hamsin ko sittin yana da laushi, ko bugu mai sauƙi yana lotsa shi ya yi tsalle ya tafi, mai casa'in zuwa ɗari kuwa sai hannu mai sauri da ƙarfi, in ba haka ba kamar dutse aka buga.

Ta tambaye shi ko akwai wurin gwaji. Ya kai ta bayan rumfar inda suka kafa raga da allon da ke auna nisan bugu. Ta gyara mayafinta, ta ɗauki sanda, ta sassauta hannu da gangan, tana kwaikwayon bugun Baba na yanzu, har da ɗan tsaikon da yake yi a sama kafin ya sauke sandar. Mai ɗari ya girgiza mata hannu har gwiwa, bai kuma yi wani nisa ba. Mai sittin ya fita sumul, allon ya nuna ya zarce na farkon. Ta maimaita har ta gamsu, sannan ta ce a ɗaure mata mai sittin.

Ba ta so ta kai masa abin da bai aika ba a ɓoye, don haka da ta koma masaukinta a unguwar Liuhua ta kira shi ta bidiyo, ta nuna masa akwatin. Ya sa tabarau ya karanta lambar, fuskarsa ta canja. Ya ce ai wannan na masu koyo ne, shi da ya yi shekaru a filin ba zai fito da shi gaban abokansa ba. Da yake sunan mahaifiyarsa ta ci, bai taɓa kiran ta Saffana ba.

"Uwata, kina nufin na tsufa ke nan?"

"Baba, hannunka ya rage sauri, idonka kuma yana nan yadda na san shi. Wannan ƙwallon zai yi maka aikin da kafaɗa ta daina yi. Ka gwada sau ɗaya. In bai yi ba, ni da kaina zan kawo maka mai taurin."

Daga ƙarshe ya ce ta aiko. Ta ba wata 'yar kasuwa da za ta koma Kano a makon, ita kuma ta tsaya jiran a loda mata kaya. Kafin nan ta koma wurin Mista Liang ta sauya odar shagonta, ta sa yawancinta masu laushi da matsakaita, domin ta san masu sayen kayan golf a wurinta galibi sa'o'in Baba ne.

Wata Juma'a, ta fito daga masallacin Huaisheng, sai ga kiransa. Bai ce ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta nema ba. Labari kawai ya shiga ba ta, yadda ƙwallonsa ya tsallake wani ramin yashi da ya daɗe yana cinye masa bugu, da yadda abokin hamayyarsa Alhaji Mas'udu ya ɗauki ƙwallon yana jujjuyawa yana tambayar inda aka samo shi. Daga nan ya rage murya ya roƙe ta kada ta sayar wa Mas'udu irinsa sai an gama gasar dattawan kulob.

Saffana ta yi dariya, ta ce ita 'yar kasuwa ce, duk wanda ya shigo shagonta za ta auna masa daidai hannunsa. Sai dai ta gaya masa kwantenarta ba za ta iso Kano ba sai bayan gasar.

"To, Allah ya kawo ta lafiya," in ji shi, "amma kada ki matsa wa masu jirgin."